Mai Zarto da Takardar Ƙuri'a: Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Aboabo

Akwai wani irin ɗan siyasa da ba mu saba gani a takardar ƙuri'ar Ghana ba, wato wanda zai hau dandamali ya ce bai zo da alkawarin ba kowa komai ba, ya zo ne ya rage gwamnati, ya zare hannunta daga aljihun mutane da kasuwarsu. Su ake ce wa 'yan libateriyan. Waɗanda muka saba da su, daga masu giwa, wato jam'iyyar NPP, har masu lema, wato NDC, kowa da buhun kyautarsa yake zuwa. Wannan ya ce zai haƙa dam a kowane ƙauye, wancan ya ce zai sa ƙasa ta yi aiki awa 24. Mu kuma mu yi tafi, mu karɓi riga da atamfa, mu koma gida muna ƙorafin haraji, kamar kuɗin kyautar daga sama yake faɗowa.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota nake sayarwa a Magazin na Suame, sansanin makanikai na Kumasi, gidana a unguwar Aboabo. Ɗan yayata, wanda ke karatun tattalin arziki a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, shi ya shigo mana da wannan magana majalisar ataya, ya kuma hana ta mutuwa. Gwarzonsa Javier Milei ne na Ajantina, mutumin nan mai gashi buzu-buzu da ya yi suna a talabijin wajen zagin 'yan siyasa, ya riƙa yawon kamfe ɗauke da zarto mai inji yana cewa da shi zai yanke kuɗin da gwamnati ke kashewa. Yaron ya haddace labarinsa kamar karatun allo. Ya kayar da Sergio Massa, ministan tattalin arzikin ƙasar, a zagaye na biyu ranar 19 ga Nuwamban 2023, da kusan kashi 56 cikin ɗari. Ranar da aka rantsar da shi, 10 ga Disamba, ya gaya wa mutanensa ƙiri-ƙiri cewa babu kuɗi. Ya tarar da ma'aikatu 18, ya mai da su 9. A watan da ya hau kaɗai farashi ya tashi da kashi 25.5, a shekarar 2023 gaba ɗaya kuwa da kashi 211. Kafin 2024 ta ƙare tashin wata-wata ya sauko ƙasa da kashi 3, gwamnati kuma ta rufe shekarar da rarar kuɗi, abin da ta yi shekaru fiye da goma ba ta gani ba. Idan ya kai nan sai ya ajiye kofin ataya ya ce, "Kawu, da irinsa zai tsaya a nan 2028, me zai hana ka zaɓe shi?"

Amsata ba ta canja ba. A kan ciwon, kusan duk abin da yaron yake faɗa gaskiya ne, kuma na fi shi sani, don a jikina na ji. Inda muka rabu shi ne wa zarton zai fara ci.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, kayan masarufi take sayarwa a babbar kasuwar Kumasi, madarar gwangwani, sukari mai ƙwaya, sabulun sanda, kifin gwangwani. A zamanin mulkin Acheampong gwamnati ce ke yanka wa waɗannan kaya farashi, amma a farashin nan ba ka samunsu sai kana da takarda daga wani babba. Mai takarda ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar wa wani, kafin kaya su iso teburin ƙaramar 'yar kasuwa sun ninka. Abin da aka sa wa suna kalabule ke nan. Da sojoji suka karɓi mulki a 1979 sai aka ce laifin matan kasuwa ne, aka bi su da bulala, a Accra kuma aka rushe kasuwar Makola. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna daren da aka ɗaga katifar ɗakinmu aka jera gwangwanayen madara a ƙarƙashin gadon ƙarfe, aka lulluɓe da tsohon zane, aka ɗora kwanukan samira a gaba don kada a gani. Sabulun kuma a cikin tukunyar dambu aka zuba shi aka rufe. Ta kama kunnena ta ce ko wa ya tambaye ni, ban ga komai ba. Matar da ba ta taɓa satar allura ba ta zama mai ɓoye kayanta na halak a ɗakinta. Kuma farashin bai sauka ba, kayan ne suka ɓace. Saboda haka duk wanda ya ce mini gwamnati ba ta iya yanka wa tumatir farashi daga ofis, ba sai ya kawo mini littafi ba.

Limaminmu ma, wanda ba ya son siyasa a ƙofar masallaci, ya ba yaron gaskiya a wannan gaɓar. Ya kawo hadisin Anas, lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, ya ƙi, ya ce Allah shi ne mai sanya farashi. Ranar yaron kamar a ba shi sarauta.

Sai batun haraji. Duk wanda ya taɓa fito da kwantena ya san takardar nan mai tsawo. Akwai kuɗin fito, akwai VAT da aka ɗaga daga kashi 12.5 zuwa 15 a 2023, akwai na inshorar lafiya, na asusun ilimi, na ECOWAS, na Tarayyar Afirka, da wasu ƙanana da sai ka sa tabarau. Harajin korona da aka ƙaƙaba a 2021 ya yi shekaru ana karɓarsa bayan kowa ya jefar da takunkumi. Kowanne kaɗan ne, ɗaya nan, biyu da rabi can, amma idan aka tara su a kan giyabos na gwanjo, sai ka ga direban trotro, motar haya, ya juya shi, ya tambayi kuɗi, ya ajiye, ya ce wa makanikensa a sake lallaɓa tsohon. Motar nan da aka lallaɓa ita ce za ta ɗauki 'ya'yanmu zuwa Tamale. Haka aka yi da harajin momo, wato tura kuɗi ta waya, a watan Mayun 2022, kashi 1.5 a kan kuɗin da ka tura wa tsohuwarka a ƙauye. Mutane suka koma ba direba kuɗi a ambulan, abin da aka tara bai kai kusa da abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1, daga baya a 2025 aka soke.

Mafi zafi shi ne harajin da ba a rubuta wa rasit. A farkon 2022 sidi shida da 'yan kai ke sayen dala ɗaya, kafin shekara ta ƙare ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba. Na sayar da kaya da riba a takarda, na je sayen dala in sake oda, na ga jarina ya zabge. Babban Bankin Ghana ya yi asarar fiye da sidi biliyan 60 a shekarar. Aka zo da sauya bashin cikin gida, tsofaffi 'yan fansho suka ɗauki kujeru suka zauna a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman abin da suka tara, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su. Muka koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a karo na 17, muka karɓo dala biliyan 3. Wannan ƙasa ce da a 2017 aka naɗa ministoci 110. Manomin koko kuma doka ta tilasta masa sayarwa a farashin da hukuma ta yanka. A 2024 da tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ya shiga hannunsa bai kai rabi ba, sannan a yi mamaki don buhuna suna tsallakawa Kwaddibuwa da Togo cikin dare. Idan mutum ya ga wannan duka ya ji yana sha'awar zarto, ba zan ce ya haukace ba.

Akwai ma inda nake ganin ɗan libateriyan ya fi mu 'yan kasuwa gaskiya, kuma a nan ne abokan sana'ata suke jin haushina. Kowa a Magazin yana son kasuwa a buɗe, har sai wani ya zo ya sayar ƙasa da shi. A 2019 aka bi shagunan 'yan Najeriya a Suame ana garƙama musu kwaɗo, ana kafa hujja da dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe sayar da kaya a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙon da zai yi fatauci sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya. Wasu daga cikin masu ɗauke da kwaɗon, su ne da safe suke zagin gwamnati a kan tsoma baki a kasuwa. Laifin mutanen nan ɗaya ne, filoginsu ya fi namu araha.

Alhaji maƙwabcina, tsohon ɗan kasuwar goro da ya haura tamanin, shi ya fi kowa tsayawa a kan wannan. Ya ce duk ɗan Zango da ya ga ana rufe wa baƙo shago yana murna, bai san tarihinsa ba. Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su, daga Kano da Katsina da Borno zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, daga can suka gangaro Kumasi. Ba gwamnati ce ta tsara musu hanyar ba. Madugu ne, da jaki, da mai masauki da dillali, da amana. Sannan a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, mutanen da a nan aka haife su suka sayar da gida a kuɗin tabarma. Alhaji ya ga motocin da idonsa. A 1983 Najeriya ta rama, ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Har gobe idan ana rajistar zaɓe ko katin ɗan ƙasa, sunanka kaɗai zai iya sa a tambaye ka garin kakanka. To ɗan takarar da aƙidarsa ita ce mutum yana da 'yancin tafiya, ya zauna, ya saya, ya sayar, ba tare da an tambaye shi asalinsa ba, ai mu ya fi yi wa amfani. Wannan ce hujjar da ta fi kama ni a cikin duk abin da yaron ya kawo, kuma ba shi ya kawo ta ba, Alhaji ne.

To me ya hana ni bin su?

Abin da ya hana ni shi ne unguwar da nake kwana. Idan ana neman wurin da aka gwada ƙaramar gwamnati a Ghana, a zo Zango. Shekara da shekaru mu muke yi wa kanmu kusan komai. Makarantar allo mu, adashi mu, bashin jari tsakanin ɗan kasuwa da yaronsa ba takarda ba lauya, mu. Idan aka yi rasuwa, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da na mota. Rikicin gado da na aure a zauren sarki ko gaban malam ake kashe shi. Duk wannan yana tafiya, wani ma ya fi na gwamnati tafiya. Amma je ka dubi rafin Aboabo bayan ruwan sama na watan Yuni. Ledar ruwa, robobi, tsumma, duk abin da aka zubar tun daga sama yana zuwa ya toshe ƙarƙashin gada, ruwa ya juyo ya shiga ɗakunan mutane. Mun sha yin gayya, samari su shiga da shebur da baro, a kwashe, a ci waken gayya, mako biyu ya dawo yadda yake. Ba lalaci ba ne. Kwalbatin da zai ɗauke ruwan ya fi ƙarfin adashi, kuma wanda yake zubar da sharar a can sama ba ya jin maganar sarkinmu, ba ya salla a masallacinmu. Akwai aikin da sai mai ikon tilasta wa kowa. An kafa Asusun Raya Zango a 2017, an ga filayen ƙwallo na roba da fitilu a wasu wurare, ban raina ba, amma ruwan bai daina shiga ɗaki ba. Yaron ya ce wannan hujjarsa ce, gwamnati ta karɓi kuɗi ba ta yi ba. Ni kuma na ce idan ta tafi gaba ɗaya, wa zan kama?

Sannan mu ba baƙin zarto ba ne. A 1983 aka fara shirin farfaɗo da tattalin arziki da IMF da Bankin Duniya. Aka karya darajar sidi, aka saki farashi, aka sallami ma'aikata da yawa, aka sayar da kamfanonin gwamnati ko aka bar su suka mutu. Gaskiya kaya sun dawo kasuwa, mahaifiyata ta daina ɓoye madara. Amma a cikin wannan guguwar ne asibiti ya koma sai ka biya kafin a taɓa ka. Waɗanda aka haifa bayan 2003, lokacin da gwamnatin Kufuor ta kawo dokar inshorar lafiya, ba su san wannan ba. Na tsaya a barandar wani asibiti da dare, matar maƙwabci tana naƙuda a kan benci, mijin yana zazzage aljihu, muna harhaɗa masa tsaba a cikin hula, ma'aikaciya kuma tana riƙe da takardar da aka rubuta safar hannu, auduga, ruwan ƙari, allura, kowanne da kuɗinsa, tana jira. Ita ma ba muguwa ba ce, haka tsarin yake. Katin inshorar nan yana da matsala, sau da yawa za a ce maganin babu, je ka saya a waje. Duk da haka na san abin da ake ciki kafin a kawo shi. Haka karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017: an yi cunkoso, an raba yara zuwa rukuni biyu, abinci ya yi ƙaranci, amma 'ya'yan masu sayar da koko da ƙosai na layinmu sun gama sakandare, wasu suna jami'a. Ɗan yayata da kansa a ƙarƙashinsa ya yi karatu. Idan na tuna masa sai ya ce ai harajin Kawu ne ya biya. Na ce to, madalla, ka ga amfanin harajin Kawu.

Labarin Ajantina ma yana da rabin da ba ya son karantawa da ƙarfi. Kwana biyu da hawan Milei aka karya darajar feso, kuɗin ƙasar, da fiye da rabi. A rabin farko na 2024 talauci ya kai kashi 52.9 na jama'a. Ya sauko zuwa kashi 38.1 a rabi na biyu, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne, amma wata shida na yunwa a takarda layi ɗaya ne, a cikin gida kuwa jiki magayi. Babban kaso na rarar da ake yabo ya fito ne daga fanshon tsofaffi da hauhawar farashi ta cinye da kuma ayyukan gine-gine da aka tsayar cak. Da majalisa ta amince a ƙara wa 'yan fansho a 2024, ya hau kujerar naƙi. Ɗalibai da malamai sun cika tituna a Afrilun shekarar saboda kuɗin jami'o'i. Manyan alkawuransa biyu na kamfe, rufe babban banki da mai da dala kuɗin ƙasa, ba a yi su ba. A Afrilun 2025 shi ma IMF ya koma, ya karɓo dala biliyan 20. A Fabrairun shekarar kuma ya tallata wani kuɗin intanet mai suna Libra a shafinsa, farashinsa ya yi sama, cikin 'yan awoyi ya rushe da kuɗin mutane. Wannan ya tuna mana da kamfanin zinarin nan da ya tafi da jarin dubban 'yan Ghana a 2018, lokacin da kowa ke tambaya ina hukuma take tun farko. Ba wanda ya ce a ranar, ai kasuwa ce, kowa ya ji da kansa.

Liman ma da ya ba shi gaskiya a kan farashi, ya karɓe ta a wani wurin. Milei yana cewa haraji sata ne. Malam ya ce a yi hankali da wannan magana, don Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana zakka, bai ce dukiyarsu ce su yi yadda suka so ba. Addinin da ya hana yanka farashi shi ya haramta ɓoye abinci don ya yi tsada, ya haramta tauye mudu, ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Kasuwar Musulunci a buɗe take, amma da mai duba ta. Daga nan aka gangaro kan ƙwaya. Jam'iyyar libateriyan ta Amurka, wadda aka kafa a 1971, ra'ayinta shi ne abin da baligi zai sa a jikinsa ba ruwan hukuma. Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico da ya yi musu takarar shugaban ƙasa a 2012 da 2016, ya daɗe yana kiran a halatta wiwi. Yaron ya ce kamu da ɗauri ba su hana kowa sha ba, sai cika kurkuku da 'ya'yan talakawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wata baiwar Allah da ke sayar da waina kusa da majalisar, wadda ba ta taɓa sa mana baki ba, ta ce masa, "Ɗana, ka taɓa kwana kana tsare ƙofa don kada ɗanka ya fita neman tramol?" Bai amsa ba, mu ma ba wanda ya ƙara.

Su kansu 'yan libateriyan ba bakinsu ɗaya ba. Ron Paul na Texas, likitan da ya yi wa jam'iyyar takara a 1988, ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisa a 2002, lokacin da ƙin yarda yake da tsada, kuma Musulmi da yawa suna ganin girmansa saboda haka. Milei kuwa ya rungumi Isra'ila hannu bibbiyu, har ya yi alkawarin mai da ofishin jakadancin ƙasarsa Ƙudus. Wannan kaɗai ya isa ya hana shi ƙuri'a ko ɗaya a mazaɓarmu ta Asawase, ko da zai sa dala ta koma sidi ɗaya kamar a 2007.

Inda muka fi daɗewa shi ne galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, kuma a nan yaron ya yi ƙoƙari. Ya ce tsarin mulkin 1992 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, don haka zinarin ba na mai gona ba ne, kogin ba na kowa ba ne, abin da ba na kowa ba kuwa kowa ɓarnarsa yake yi. Da kogin Ofin yana da mai shi, in ji shi, da ya kai masu haƙa kotu. Na ce to, kotun wa? Ɗan sandan wa zai je ya kama katafila a dajin da masu bindiga ke gadi? Ofin, Pra, Ankobra, Birim, duk sun koma ruwan laka, kuma dam ɗin Barekese da Kumasi ke sha a kan Ofin yake. Abin da na gani a galamse mutane ne da suka samu cikakken 'yancin neman kuɗi, ba mai hana su, da hukumar da ta yi rauni ko aka saye ta. Idan mota ta zo Magazin tana cin mai kamar rijiya amma birkinta ba ya kamawa, makanike mai hankali zai rage mata shan mai ya ɗaure birkin, ba zai ce tunda duk ɓarna ce a cire birkin ma ba. Gwamnatinmu ta yi ƙiba a wurin ministoci da manyan motoci da kuɗin sallamar manya na sashe na 71 na tsarin mulki, ta rame a wurin alƙali da ɗan sanda da mai duba magani. A tarihin da na sani kuma, idan aka ce za a tsuke bakin aljihu, ba a farawa da mai jiniya. Da ɗan fansho ake farawa, da majinyaci, da unguwa irin tamu da ba ta da kowa a sama.

Saura batun ko zai ma iya ci. Tun 1992 NDC da NPP ke karɓa-karɓa. A 2024 Mahama ya samu kusan kashi 56 da rabi, Bawumia kashi 41 da ɗoriya, Nana Kwame Bediako da ya cika gari da allunan talla bai kai kashi 1 ba. Ko a Amurka mafi yawan abin da jam'iyyar ta taɓa samu shi ne kashi 3 da 'yan kai na Johnson a 2016. Kuɗin fam na takarar shugaban ƙasa kaɗai a nan ya kai sidi 100,000 a 2024. Sai dai dokarmu ta ce sai ka haura rabin ƙuri'u, shi ya sa aka je zagaye na biyu a 2000 da 2008, a na 2008 kuma ratar Atta Mills ba ta wuce kimanin ƙuri'a 40,000 ba. Mai kashi 2 a irin wannan shekarar, manya biyu za su yi layi a ƙofar gidansa.

Saboda haka abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne, ba zan miƙa wa mai zarto fadar shugaban ƙasa ta Jubilee ba, amma ina so ya tsaya, ina so a gan shi a muhawara yana tambayar masu giwa da masu lema inda za su samo kuɗin alkawuransu. Idan ya rubuta a takarda cewa zai fara da yawan ministoci da kuɗin sallamar manya, ya haɗe harajin tashar jirgi su zama ɗaya da kowa zai iya lissafawa, ya bar manomin koko ya sayar wa wanda ya fi saye da daraja, ya cire kwaɗo daga shagon baƙo, sannan ya rantse ba zai taɓa katin asibiti da kuɗin makaranta ba sai ya gama da waɗancan, zan dangwala masa a zagayen farko. Yaron ya ce mutumin da ya yarda da wannan sharaɗi na ƙarshe ai ya daina zama ɗan libateriyan. Alhaji ya ce shi dai in mutumin zai sa a daina tambayar jikokinsa garin kakansu a wurin rajista, ya sa wa kansa duk sunan da ya ga dama.